Sallamar Matashin Ɗan Wasan Tsakiya da Gardamar da Ke Biyo Bayanta

A ƙarshen kowace kakar wasa, tsakanin watan Mayu da Yuni, ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Ingila kan fitar da sunaye kashi biyu: waɗanda za su riƙe, da waɗanda za su sallama da zarar kwantiraginsu ya ƙare ranar 30 ga Yuni. Sunayen manyan ƴan wasa ne ke shiga jaridu. Amma mafi yawan masu barin ƙungiya a wannan lokaci samari ne na makarantun renon ƴan wasa, waɗanda ba su taɓa taka leda a babbar tawaga ba. Ƙananan cikinsu ko jerin sunayen ba sa shiga, iyayensu ake kira a shaida musu. Saboda haka gardamar magoya baya a kan irin wannan hukunci a makare take zuwa. Sai bayan shekara biyar ko goma, idan yaron da aka sallama ya zama gwarzo a wata ƙungiya, sannan ake waiwayowa ana tambayar wa ya yanke hukuncin, kuma da wane ido ya duba.

Labarin Declan Rice ne misalin da aka fi kawowa. An haife shi ranar 14 ga Janairun 1999 a Kingston da ke kudu maso yammacin Landan, a gidan da Chelsea ake goya wa baya, ya kuma shiga makarantar ƙungiyar yana ɗan shekara 7. Shekara bakwai ya yi a can tare da amininsa Mason Mount. Da ya kai 14 aka sanar da mahaifinsa cewa ba za a ci gaba da shi ba. West Ham ta ɗauke shi, kuma ko a can, kamar yadda shi da kansa ya faɗa, sai da kan masu horarwa ya rabu lokacin da ya kai 16, wasu na cewa a riƙe shi, wasu na cewa a sallame shi. Ya fara buga wa babbar tawagar a wasan ƙarshe na kakar 2016/17 da Burnley, a lokacin da aka fi saninsa da tsaron baya. Sai a kakar 2018/19, ƙarƙashin Manuel Pellegrini, ya zauna daram a tsakiya. Ya karɓi kyaftin a 2022 bayan Mark Noble ya yi ritaya, sannan ranar 7 ga Yunin 2023, a birnin Prague, ya ɗaga kofin Europa Conference League bayan West Ham ta ci Fiorentina 2 da 1, babban kofinta na farko tun 1980. Wata guda bayan haka Arsenal ta saye shi a kan fam miliyan 100, da ƙarin miliyan 5 idan wasu sharuɗɗa sun cika.

Abin da ya ƙara wa magoya bayan Chelsea takaici shi ne abin da ƙungiyarsu ta kashe a wannan shekarar a kan gurbin da Rice ke bugawa. A farkon 2023 ta biya Benfica kusan fam miliyan 107 a kan Enzo Fernandez, a watan Agusta kuma ta ɗauko Moises Caicedo daga Brighton a cinikin da zai iya kai wa miliyan 115. Kafin nan Frank Lampard, sa'ad da yake kocin ƙungiyar, ya so a dawo da Rice, bai samu ba. Daga cikin kuɗin da Arsenal ta biya kuwa ko sisi bai shiga aljihun Chelsea ba, domin a ƙa'idar Ingila ƙungiyar da ta sallami yaro da kanta ta sarayar da hakkinta na neman diyyar reno.

Masu gardamar kan rabu gida biyu, ko a gidajen shan shayi na Landan ko a gidajen kallo na Kano da Jos, inda Chelsea ta tara ɗimbin magoya baya tun zamanin Mikel Obi. Ɓangare ɗaya na cewa sakaci ne tsagwaronsa: yaro ya shekara bakwai a hannunka, kana ganinsa sau da yawa a kowane mako, idan ba ka gane abin da ke jikinsa ba to aikin me kake yi? Hujjarsu ita ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ɗaya ɓangaren na cewa ai ba wanda ya san gobe, kuma a tsarar Rice makarantar Chelsea ce kan gaba a Ingila. Wannan magana gaskiya ce da ba ta da ja. Ƙungiyar ta ci kofin matasa na FA sau biyar a jere daga 2014 zuwa 2018, ta ci kofin matasa na Turai a 2015 da 2016, kuma daga wannan makaranta Mount da Reece James da Tammy Abraham da Fikayo Tomori da Marc Guehi da Conor Gallagher suka fito. Mutanen da suka reni waɗannan da wuya a ce ba su da ido. Sai dai wannan hujja ba ta wanke hukuncin gaba ɗaya ba, kuma kafin a ga dalili dole a san yadda tsarin yake tafiya.

Tun 2012 makarantun ƙungiyoyin Ingila ke aiki a ƙarƙashin wani tsari da hukumar gasar Firimiya ta shimfiɗa, wanda ya kasa makarantun aji huɗu gwargwadon kayan aikinsu da kuɗin da suke kashewa. Ana yi wa yaro rajista daga shekara 9, ana sabuntawa lokaci zuwa lokaci, kuma kowace sabuntawa rariya ce. Manyan rariyoyin uku ne. Akwai ta shekara 14, inda ake zaɓar waɗanda za a ci gaba da su zuwa ƙarshen sakandare. Akwai ta 16, inda ake ba wasu gurbin horo na cikakken lokaci na shekara biyu. Sai ta 18, inda ake ba wasu kwantiragin ƙwararru, ko da yake wanda ya yi fice ana iya ba shi tun yana 17. A kowace rariya guraben raguwa suke yi, kuma ana shigo da sababbin yara daga wasu ƙungiyoyi su yi gogayya da na gida. Marubuci Michael Calvin, a littafinsa No Hunger in Paradise na 2017, ya kawo ƙiyasin cewa daga cikin yara miliyan ɗaya da rabi da ke buga ƙwallo a ƙungiyoyin matasa na Ingila, 180 ne kacal ke kaiwa ga zama ƴan wasan Firimiya. Sallama ke nan ita ce makomar kusan kowane yaro da ya shiga makarantar. Mai horarwar da ya ce wa yaro ba za ka kai ba, kusan kullum lissafi yana bayansa.

Matsalar rariyar shekara 14 ita ce ta faɗo daidai lokacin da jikin yaro namiji ya fi yaudarar mai kallo. Tsakanin 13 da 15 yawancin yara ke yin tsiron balaga, ƙashi ya miƙe da sauri, tsoka da jijiya ba su cim masa ba. Yaron da bara ƙafarsa ke masa biyayya sai a ga bana gudunsa ya hargitse, juyinsa ya yi nauyi, gwiwa da diddige na yawan ciwo. Rice ya ce a irin wannan yanayi yake lokacin da aka sallame shi. A aji ɗaya kuma ana iya samun yara biyu masu shekarun haihuwa ɗaya, amma jikin ɗaya ya riga na ɗayan da shekara biyu ko uku. Ga kuma batun watan haihuwa. Shekarar makaranta a Ingila daga 1 ga Satumba take farawa, don haka wanda aka haifa a Satumba da wanda aka haifa a Agustan shekarar da ta biyo baya aji ɗaya suke, alhali kusan shekara guda ce tsakaninsu. An daɗe da tabbatar da cewa waɗanda aka haifa a farkon shekarar makaranta sun fi yawa nesa ba kusa ba a makarantun ƙwallo. Baiwa ba ta zaɓar wata. Abin da ke faruwa shi ne mai zaɓe yana ganin ƙarfi da tsawo da gudu, yana ɗauka gwaninta ce.

Ba a Ingila kaɗai ake wannan kuskure ba. A 2013 Atletico Madrid ta sallami wani saurayi ɗan shekara 17 saboda ana ganin jikinsa ba shi da ƙwari. Villarreal ta ɗauke shi. A 2018 Atletico ta biya kusan yuro miliyan 20 ta dawo da shi, shekara guda bayan haka Manchester City ta biya miliyan 70 ta tafi da shi. Shi ne Rodri, wanda ya ci kyautar Ballon d'Or ta 2024, kuma tsawonsa a yau ya kai kusan mita 1.9. A nan ne zargin magoya baya yake da tushe mai ƙarfi. Ilimin girman jikin yara ba sabon abu ba ne, kuma ƙungiyar da ke kashe miliyoyi a kan makarantarta ba ta da uzurin yanke wa yaro hukuncin dindindin a kan jikin da bai gama ginuwa ba. Ƙungiyoyin sun amsa wannan laifi a aikace, domin daga 2015 hukumar Firimiya ta fara shirya wasannin da ake haɗa yara bisa matakin balagar jikinsu maimakon shekarun haihuwa, manyan makarantu kuma suna auna tsawo da nauyin yara a kai a kai don su san wanda ke cikin tsiro.

Ɗan wasan tsakiya ya fi kowa faɗawa wannan rami, saboda abin da ake nema a wurinsa ba ya saurin bayyana. Ɗan gaba ƙwallayen da ya zura ne shaidarsa. Mai buga gefe da zarar ya yanke mutum biyu ya wuce kowa ya gani. Na tsakiya kuwa aikinsa shi ne waiwayawa kafin ƙwallo ta iso, sanin inda zai tsaya don toshe hanyar da ba a riga an bi ba, gane lokacin da za a hanzarta da lokacin da za a kwantar da wasa. Waɗannan abubuwa da yawan buga wasa da manya ake samun su, kuma a wasan yara, inda mai ƙarfi ke ture kowa ya wuce, ba su cika fitowa fili ba. Sau da yawa ma ba a san gurbin yaron ba tukuna. Rice ɗan baya ne kafin ya koma tsakiya. Andrea Pirlo a bayan ƴan gaba yake bugawa a Inter Milan, ba ya samun wuri, sai da ya je aro Brescia a 2001 Carlo Mazzone ya ja shi baya zuwa gaban masu tsaron gida. A shekarar Inter ta sayar da shi ga maƙwabciyarta AC Milan yana da shekara 22, ya ci Kofin Zakarun Turai sau biyu da ita da Kofin Duniya na 2006 da Italiya. N'Golo Kante bai shigo Firimiya ba sai yana da 24, bayan ya biyo ta Boulogne da Caen. Luka Modric yana da 33 ya ci Ballon d'Or.

A cikin zafin gardama magoya baya kan cakuɗa labarai iri daban-daban a tukunya ɗaya, su kira su duka sallama. Paul Pogba ba sallamarsa aka yi ba. Manchester United ta ɗauko shi daga Le Havre a 2009, ta yi masa tayin sabon kwantiragi, shi ne ya ƙi ya tafi Juventus a 2012 bayan wasa bakwai kacal a babbar tawaga. Ranar 31 ga Disambar 2011, lokacin da raunuka suka yi wa United yawa, Alex Ferguson ya sa ɗan baya Rafael da Park Ji-sung a tsakiya a wasa da Blackburn, Pogba na zaune a benci, aka ci United 3 da 2 a gida. Bayan ƴan kwanaki Paul Scholes ya dawo daga ritaya. Saurayin ya karanta saƙon. Ya ci kofin gasar Italiya sau huɗu a jere, a 2016 United ta biya kusan fam miliyan 89, kuɗi mafi yawa da aka taɓa sayen ɗan wasa a duniya a lokacin, ta dawo da shi. Tambayar da ta dace a nan ta shafi buɗa wa matashi hanya, domin kowa a ƙungiyar ya san bajintarsa.

Kevin De Bruyne kuma sayar da shi aka yi, da riba. Chelsea ta saye shi daga Genk a 2012 a kan kusan fam miliyan 7, ta ba Werder Bremen aronsa, ya dawo ya buga wasan Firimiya uku ƙarƙashin Jose Mourinho, sannan a Janairun 2014 aka sayar wa Wolfsburg a kan kusan miliyan 18. A gabansa akwai Eden Hazard da Oscar da Willian da Juan Mata, wanda shi ma a watan aka sayar da shi. Chelsea ta ɗauki kofin Firimiya a kakar da ta biyo baya, don haka Mourinho yana da abin nunawa. De Bruyne kuwa ya zama gwarzon ɗan wasan Jamus na 2015, Manchester City ta saye shi a kan kusan miliyan 55, ya ci mata Firimiya sau shida. Wannan labari yana nuna saɓanin da ke tsakanin buƙatar koci da buƙatar ƙungiya. Kocin babbar ƙungiya ya san rashin nasara huɗu ko biyar a jere na iya raba shi da aikinsa, saboda haka kuskuren matashi a tsakiyar fili, inda ƙwallon da aka ƙwace kan zama hari kai tsaye, tsada ce da ba ya son biya. Amfanin haƙurin kuwa sai bayan shekara uku za a gan shi, wataƙila a hannun wanda ya gaje shi.

Akwai wata tambaya da masu cewa an yi asara ba su cika tsayawa a kanta ba: da Chelsea ta riƙe Rice, shin wannan Rice ɗin za a samu? A West Ham yana da shekara 19 ya zama ɗan wasan da ake farawa da shi kowane mako, ya yi kuskure a gaban dubban mutane, aka sake sa shi a mako na gaba. Kafin ya bar ƙungiyar ya buga mata wasa sama da 240. A Chelsea ta wancan lokaci Kante da Jorginho da Mateo Kovacic ne za su kasance a gabansa. Abin da ya sami waɗanda aka riƙe a can sananne ne. Josh McEachran ya fara buga wa Chelsea a Kofin Zakarun Turai a 2010 yana da shekara 17, ana yi masa kallon makomar tsakiyar ƙungiyar, ya yi zaman aro a ƙungiyoyi biyar, a 2015 aka sayar da shi ga Brentford. Lewis Baker ya shiga makarantar tun yana ƙarami, ya yi aro a ƙungiyoyi takwas a Ingila da Holan da Jamus da Turkiyya, ya buga wa babbar tawaga wasa biyu tal, ɗaya a 2014 ɗaya a 2022, sannan ya koma Stoke yana da shekara 26. Waɗannan ba a sallame su ba, kuma shekarun da ya kamata su yi suna gina kansu a wuri ɗaya a kan hanya suka tafi. Riƙewar da babu hanyar wasa a cikinta tana iya cutar da matashi fiye da sallama a kan lokaci, kuma magoya bayan da ke ƙorafin an saki Rice ba su cika tuna sunan Baker ba.

Ido kuma waɗanda suka yi nasara kawai yake gani. A shekarar da aka sallami Rice an sallami ɗaruruwan yara a faɗin Ingila, kuma kusan dukansu hukuncin da aka yanke musu bai sauya ba. Ko a cikin waɗanda aka yi wa hasashen zama taurari ana samun haka. Ravel Morrison ya ci kofin matasa na FA tare da Pogba a 2011, da yawa a Manchester na ganin ya fi Pogba baiwa. United ta sayar da shi ga West Ham a Janairun 2012, ya yi ta yawo tsakanin ƙungiyoyi a ƙasashe daban-daban bai zauna ba. Ba a jin kowa na cewa Ferguson ya yi kuskure a kansa. Wanda zai auna makarantar ƙungiya da adalci sai ya duba hukuncinta ɗari, ya ga nawa suka yi daidai, kuma da wane bayani aka yanke su a ranar da aka yanke su.

Labarin Eberechi Eze, wanda iyayensa ƴan Najeriya ne, ya nuna yadda kuskure ɗaya ke bin yaro daga ƙofa zuwa ƙofa. Arsenal ta sallame shi yana da shekara 13. Ya bi ta Fulham da Reading, sannan Millwall ta ƙi ba shi kwantiragin ƙwararru a 2016. QPR ce ta ba shi dama, Crystal Palace ta saye shi a 2020, a watan Mayun 2025 ya zura ƙwallon da Palace ta ci Manchester City da ita a wasan ƙarshe na kofin FA, babban kofi na farko a tarihin ƙungiyar. A watan Agusta Arsenal ta biya kusan fam miliyan 60, ban da ƙari, ta dawo da shi. Ƙungiyoyi huɗu sun dube shi sun wuce. Wannan yana nuna wahalar hukuncin, yana kuma nuna cewa masu zaɓen ma'auni ɗaya suke riƙe da shi, ta yadda ɗan wasan da bai dace da shi ba ko'ina ya je abu ɗaya za a gani a jikinsa.

A ƴan shekarun nan wani dalili ya shigo wanda ba shi da alaƙa da iya wasa, kuma shi ne ya fi ɓata wa magoya baya rai. Dokar kuɗi ta Firimiya, kamar yadda take a kakar 2023/24, ta hana ƙungiya yin asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku, kuma a wannan kakar an zabtare wa Everton da Nottingham Forest maki saboda karya ta. A lissafin littafin ƙungiya, ɗan wasan da aka saya ana rarraba kuɗinsa ne a kan shekarun kwantiraginsa. Wanda aka saya miliyan 50 a kan shekara biyar, miliyan 10 ake rubutawa duk shekara, idan aka sayar da shi kuma sai an cire abin da ya rage kafin a ga riba. Ɗan makaranta kuwa ba a saye shi ba, don haka duk abin da aka samu a kansa riba ce zalla, kuma nan take ake rubuta ta. Sakamakon shi ne ɗan gida ya zama wanda aka fi saurin kaiwa kasuwa. Chelsea ta sayar da Mount ga Manchester United a 2023, ta sayar da Gallagher ga Atletico Madrid a 2024 bayan kakar da ya sha ɗaura kyaftin. Newcastle ta sayar da Elliot Anderson, ɗan yankinta mai shekara 21, ga Nottingham Forest a kan kusan fam miliyan 35 a daidai ƙarshen Yunin 2024, lokacin rufe lissafin shekara, kuma kocinta Eddie Howe bai ɓoye cewa ba da son ransu ba ne. A 2025 Anderson ya shiga tawagar Ingila. A irin wannan ciniki ba wanda ya kasa gane bajintar yaron. An gane ta sarai, ita aka sayar don a toshe ramin da sayayyar wasu ta haƙa. Fushin magoya baya a nan yana kan hanya, domin dokar da aka kafa don kare ƙungiyoyi ta koma tana raba su da ƴaƴan da suka fi kusa da zuciyar garinsu.

Da yake hasashe ba ya tabbata, ƙungiyoyi sun koyi barin igiya a hannu. Tun bayan hukuncin Bosman na 1995, wanda ya ba ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare damar tafiya ba tare da an biya kuɗin ciniki ba, barin kwantiragin matashi ya ƙare ya zama sakacin da ake tuhumar shugabanni a kai. Yanzu akan sayar da matashi da sharaɗin samun wani kaso idan aka sake sayar da shi, ko da sharaɗin dawo da shi a kan farashin da aka yanka tun farko. Dokokin FIFA kuma sun ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin da ya tsallaka ƙasa ga ƙungiyoyin da suka reni ɗan wasan tsakanin shekara 12 da 23. Inda babu irin wannan sharaɗi, kuskure da tsada ake gyara shi. Chelsea ta haɗa Nemanja Matic cikin cinikin David Luiz ta ba Benfica a 2011, bayan shekara uku ta biya kusan fam miliyan 21 ta karɓo shi. Ban da kason FIFA, duk waɗannan dabaru sun shafi wanda ya riga ya sa hannu a kwantiragin ƙwararru ne. Yaro ɗan shekara 14 ko 16 da aka sallama, ya tafi ke nan, ba sharaɗi, ba kaso sai na FIFA idan cinikinsa ya tsallaka ƙasa.

Ɓangaren da gardamar ta fi mantawa da shi shi ne yaran da ba su zama Rice ko Eze ba. Wanda ya shiga makarantar yana da shekara 8 ya fita yana da 18 ya ba ta rabin rayuwarsa da ɗoriya. Abokansa a can suke, a unguwa da makarantar boko da sunan ƙungiyar ake kiransa, iyaye sun yi shekaru suna kai shi atisaye suna ɗauko shi, wani lokaci gidan gaba ɗaya ya ɗora burinsa a kansa. Ganawar ƴan mintoci ke kawo ƙarshen duk wannan. Bincike a Ingila ya nuna cewa damuwa da ƙuncin rai sun yawaita a tsakanin samarin da aka sallama, musamman a makonnin farko. Mutuwar wani saurayi ɗan shekara 18 a 2020, bayan wata babbar makaranta ta sallame shi yana fama da rauni, ta girgiza ƙasar ta tilasta wa ƙungiyoyi duba abin da suke yi wa yara bayan rabuwa. Ana shirya wasannin gwaji inda waɗanda aka sallama ke bugawa a gaban masu farautar ƴan wasa daga ƙananan ƙungiyoyi da jami'o'in Amurka, kuma gurbin horo na shekara 16 zuwa 18 dole ne ya haɗa da karatu. A 2022 Crystal Palace ta sanar da shirin bibiyar samarin da ta sallama tsakanin shekara 18 da 23 har tsawon shekara uku, inda kowanne ke da jami'in da zai taimaka masa neman wata ƙungiya, ko makaranta, ko aikin yi.